Baƙo a Kwalin Ashana

Shekara talatin ina gyaran agogo a Garwa,
gindin dalbejiya, daura da masu kifin Lagdo.
Yanzu kowa wayarsa ke gaya masa lokaci,
ni da gilashina muke hira,
wanda ya saba da kwarmin idona
kamar da shi aka haife ni.

Ran Laraba sai ga Gwamma,
mai renon dashe a gaɓar Binuwai.
Ta dire kwalin ashana kan tebur:
"Tanimu, sauro ya koma cin barkono.
Leda ɗari biyu na shuka, rabi sun sunkuyar da kai."
Na ce, "Yaushe kura ta fara cin ciyawa?"
Ta ce, "Kai dai buɗe."

Uku ne a ciki. Biyu sun riga mu gidan gaskiya,
na ukun na zagayen kusurwa da ƙafa,
bai fi ƙwayar riɗi ba.

Na ɗora gilashi, na ɗauki matsefata.

Baƙi ne, baƙin gawayin da toka ta ɗan hau.
Ƙafa shida, zara-zara,
sun yi wa jikin yawa,
kamar an wanke zalɓe ya motse.
Iyakar zumuncinsa da sauro ke nan.
Na nemi allurar baki sama da ƙasa, babu ita,
kuma tela marar allura
da me zai ɗinka fatar mutum?

A goshinsa gashi biyu sun miƙe,
sun zarce kan nesa ba kusa ba,
gaɓa bayan gaɓa, kamar carbin aljani.

"To ko ƙudan ruɓaɓɓen mangwaro ne?"
A'a, Gwamma. Wancan gajere ne mai tumbi,
launin ƙasa, idonsa jajir
kamar wanda ya kwana hura ɗanyen ice.
Wannan siriri ne, ƙaramin kai, idonsa duhu.

Sai na shimfiɗa fiffike kan farar takarda,
na riƙe numfashi,
yadda nake yi in zan taɓa zuciyar agogo.
Biyu ne kacal, garai-garai, da ɗan hayaƙi a jiki.
Wata jijiya ta taho ita kaɗai,
can wajen baki ta rabu gida biyu:
gwafa!
Irin wadda muke fiƙewa muna yara
mu ɗaura ɗanko mu dami kurciya.
Na ce mata, "Ga hatiminsa. Ba ya fita sai da shi."

Bayan la'asar na bi ta lambu.
Ƙasar ledojin sharkaf, tana warin taki ɗanye.
Na ɗan buga ɗaya da yatsa,
suka tashi tsawon taɓi, a kasalance,
suka sake zubowa, suka ruga da ƙafa.
Sauro ba ya tashin ganin dama haka.

Na tona da tsinke.
Ga ta nan kwance jikin saiwa:
tsutsa fara, ana hango abincinta ta cikin fata,
kanta baƙi wuluk yana sheƙi kamar an ɗiga kwalta.
"Ga mai laifin," na ce. "Iyayen yawo kawai suka iya.
Laima ce gidansu, ke kika gina musu.
Bar saman ƙasar ya bushe, ki rufe da yashi.
Ƙaunarki ce ta yi wa barkonon yawa."

Ta yi shiru, ta ajiye bokitin.
Can ta ce, "Ya sunansa?"
Na ce ban sani ba.
Na san ƙafarsa, na san gwafarsa, na san 'ya'yansa,
akwai maƙwabtan da ban yi wa wannan sanin ba.

Ba ta ba ni ko sefa ba.
Leda ɗaya ta miƙo, mai ganye huɗu.
Tana nan ƙarƙashin teburina,
kusa da agogon wani direba da bai dawo ba tun bara.
Kowace safiya na kan ba agogon wani,
sannan in tsoma yatsa cikin ƙasar,
in ta ce tukuna,
sai in mayar da butar.